Sunan da Inna Hanne Ba Ta Kamawa

Ina wajen masu gyaɗa a kasuwar Ɗanbatta aka kira ni a waya, aka ce Allah ya yi wa Malama Saude rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na juya gida ban sayi komai ba.

A hannunta na koyi aikin ba da shawara ga masu damuwa, a wani ƙaramin asibitin ƙauye. Mu ɗalibanta mun sha tsiyarta, domin ba ta barin mutum ya yi saurin cewa ya gane. Sai ta ce, "Kin gane, ko dai kin gaji da sauraro?"

Wata rana aka kawo mana wata mata, Inna Hanne, daga wajen dam ɗin Watari. Ta daina cin abinci, ta rame, likita kuma bai ga ciwo ba. In hira ta zo kan wani ɗanta, sai ta ce "yaron nan", ba ta kama suna. Dukanmu muka ce alkunya ce, ai uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Muka wuce wurin, muna ta laluben matsalar a wajen mijinta.

Malama ta saurare mu har muka gama. Sannan ta ce, "Wa ya gaya muku shi ne na fari? Al'adar kuka sani. Matar ba ku san ta ba tukuna."

Washegari ta zauna kan tabarma kusa da ita, ta ce, "Inna, yaron nan na nawa ne a ɗakinki?"

"Na uku ne," in ji Inna Hanne. Ashe ita ta aike shi gonar rani, ruwan dam ya ci shi. Tun daga wannan rana, sunansa ya ƙi fita daga bakinta.

Malama ba ta matsa mata ba. Makonni Inna tana zuwa suna zama, har abinci ya fara shiga. Haka nake aiki yau, haka kuma nake koya wa na bayana, ba na shakka a kai.

A zaman makokin Malama na ga Inna Hanne, jikinta ya dawo. Ta ɗaga hannu ta ce, "Allah ya jiƙan Malama. Ya haɗa ta da Habuna a Aljanna." Ranar na fara jin sunan, na kuwa yi kuka sosai.

Allah ya gafarta wa Malama Saude, ya haskaka kabarinta. Ya ba maigidanta da 'ya'yanta haƙurin rashinta, ya raya abin da ta bari. Amin.