Matan Lakish Ba Su da Gammo

Duk faɗin Landan babu wanda ya kai ni sanin sarakunan Isra'ila da na Yahuza. Ko daga barci ka tashe ni zan jero maka su daga Saul har Zedekiya ban haɗiye yawu ba, har da Zimri da ya yi kwana bakwai kacal a gadon sarauta. A cocinmu da ke kusa da Whitechapel, fasto ba ya ambaton sunan sarki sai ya saci kallona. Ni da nake tuƙin bas, ko tashoshin hanyata ban haddace su haka ba.

Shi ya sa da ɗana na fari ya bugo waya ya ce yana son ganina, na ce mu haɗu a babban gidan kayan tarihin nan na Bloomsbury. Rabonsa da gidana ya kusa shekara. Matarsa na da ciki, an ce mace ce, yana so ya sa mata sunan mahaifiyata, kuma yana so ya ji yadda ta rasu. Sau uku yana tambayata a baya, sau uku ina mai da abin wasa. Wannan karon ya ce awa ɗaya gare shi, in kuma wasan zan yi, ba zai sake tambaya ba.

Na ja shi har ɗakin da aka kafe duwatsun yaƙin Lakish. Sarkin Assuriya ne, Sennakerib, ya sa aka sassaƙa yadda ya ci garin a zamanin Hezekiya. Na gyara murya, na kira shi da sunan tsokanar da na sa masa.

"Bature, buɗe kunnenka. Ka ga wancan mai gemu kamar tsintsiya, a kan kujera? Shi ne ya yi cika-baki a kan Urushalima, mala'ika ɗaya ya share masa runduna kafin gari ya waye."

Da Turanci yake ba ni amsa tun yana ƙarami. Ya ce, "Ina mala'ikan a nan?"

"Wannan ai Lakish ce. Su ba a aiko musu ba."

Shekara talatin ina ba da labarin nan a coci, ban taɓa jin yadda wannan maganar take a baki ba sai ranar. Na matsa gaba da sauri. Sai ga mutanen garin a jikin dutse sun yi layi suna fita ta ƙofa: keken shanu, yara a kai, mata da buhuna a kafaɗa, kowa da abin da hannunsa ya iya kaiwa.

Na ce, "Dubi matan Lakish, ba su iya gudun hijira ba! Kaya a kafaɗa kamar masu zuwa kama jirgin tube. Ko gammo babu."

"Mene ne gammo?" Wannan da Hausa ya faɗa, a karkace.

Na ce tsumma ne ake naɗewa a ɗora a ka kafin a ɗauki kaya. Ya ce kaka tana yi? Na ce kakarka da gammo ɗaya za ta ɗauke wannan ginin duka ta kai shi Marylebone, ta dawo ta tambaya ko da saura.

Bai yi dariya ba, ya tsaya yana jira.

Abin da ya kamata in faɗa ba shi da tsawo. An ƙone ƙauyenmu a wani rikici ina nan Landan. Mahaifiyata ta naɗe ɗankwalinta ta yi gammo, ta ɗauki tukunya da ɗan hatsi, ta yi tafiyar kwana biyu a ƙafa zuwa wata makarantar firamare da aka tara mutane. Can ta rasu a ƙasan aji. Ban je jana'iza ba, domin takarduna na zama ba su fito ba, in na fita ba zan dawo ba. Ƙanwata ta gaya mini har ranar ƙarshe tana tambaya ko jirgina ya sauka. Na auna Landan da uwata, na zauna.

Duk wannan ya zo mini har maƙogwaro. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Ka san Hezekiya har zinariyar ƙofofin Haikali ya ɓamɓare ya aika wa mutumin nan? Kuma ɗan Hezekiyan, Manassa, kai, wannan ɗan banzan, shekara hamsin da biyar yana..."

Na yi ta zuba. Na bi ta Amon, na sauka kan Yosiya, na kashe shi a Magiddo. Wasu 'yan yawon buɗe ido har sun tsaya a bayanmu, sun ɗauka ma'aikacin wurin ne ni. Wannan ya ƙara mini ƙarfi, na fara nuni da hannu biyu.

Ɗana ya duba agogo, ya zuge zif ɗin rigarsa har wuya. Ya ce, a hankali, don kada baƙin su ji:

"Baba, waɗannan duk suna da mai ba da labarinsu. Ita ce ba ta da kowa sai kai."