Jan Mayafin Gulnamo

Shambe bai iya zama ba. Tun muna samari a ƙauyenmu da ke kwarin Wakhan, in ka gan shi a zaune to shayi yake zuba wa baƙo. Ƙanwarsa Gulnamo tana aure a tsallaken kogin Panj. Daga ƙofarsa kana hango rufin ɗakinta, amma can wata ƙasa ce tun da Ingila da Rasha suka mai da kogin iyaka zamanin kakanninmu. Da aka rufe gadar da ta haɗa mu da su, sai ta riƙa shanya jan mayafi a kan rufi kowace safiya, don ya san tana nan lafiya.

Wata rana malaman tarihi biyu, mace da namiji, suka sauka a gidansa, ni ne tafinta. Namijin ya ce Rasha da gaske ta so cin Indiya lokacin da take hannun Ingila. Matar ta ce ina, Ingila ce ta tsorata kanta da kanta. Shambe ya leƙa waje, babu mayafi.

A wurinmu mai gida ba ya tashi sai baƙo ya rufe bakin kofinsa da tafin hannu. Su kuwa ba su sani ba. Ya cika, su shanye, su koma musu, ya sake cikawa.

"Nazarbek, har yanzu Rasha ba ta isa Indiya ba?" ya raɗa mini.

"Tana hanya, ɗan'uwa. Bari in gaya musu su rufe."

"A gidana? Ka rufa mini asiri."

Sai bayan azahar matar ta ɗora hannu a kan kofi, shi ɗin ma ƙuda take kora. Shambe ya fita a guje ba takalmi, na bi shi. In an yi rasuwa a tsallake, akan tsaya da makara a bakin ruwa don dangin wannan gefe su yi bankwana. Ashe mutanen tsallake sun tsaya, sun jira, sun yi ta kira, ƙarar kogi ta cinye muryarsu. Bayansu kawai muka gani suna hawa tudu, jan mayafin a kan makara.

Ya dawo ya tarar matar ta janye hannunta, ya cika mata kofi. Tun daga ranar Shambe ya iya zama, ni kuwa ba na son ganinsa a haka.