Muryata a Wayoyin Zoza

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar na firamare, na ji muryata tana fitowa daga aljihun wani mutum. Inna ta aike ni niƙan masara bayan la'asar, na tarar da layi a gaban injin da ke bakin hanyarmu a Zoza, robobi da kwanuka jere a ƙasa, ƙafafun kowa duk taɓo. Mai injin ya kashe shi don ya gyara bel, wuri ya yi tsit, sai wayar wani ɗan acaɓa da ya fake a rumfar ta ɗauki ƙara. Ba waƙa ba ce. Muryar yarinya ce tana cewa "tu-tu-tu-tuwo", tana sake maimaitawa. 'Yan matan da ke layi suka fashe da dariya. Ni kuwa tun kafin kalmar ta ƙare na gane mai muryar. Wata 'yar ajinmu ta juyo ta dube ni, ta rufe baki da mayafi, ta ce, "Wallahi Hajjo ce." Ban san lokacin da na bar robar masarar a wurin ba. Ta bayan gidaje na bi, ta cikin garkar rake, ganye yana yanka mini hannu, har na shiga gida na ɓuya a bayan rumbu.

Da in'ina na tashi. Tun ina ƙarama magana take maƙale mini a farkon kalma, in yi ta turawa har idanuna su rufe, sannan ta fito gaba ɗaya kamar an ɓalle toshiya. A gida ba wanda ya damu. Mahaifinmu, wanda muke kira Baffa, mutum ne mai haƙurin jira, ko yana tsakiyar ɗaure shanu a turke zai tsaya har in gama. Inna kuwa takan ce, "Sannu a hankali, ba wanda ya biyo ki." A makaranta na koyi dabaru iri-iri. Ina zama a bayan mai tsayi, ina sauya kalma mai wuya da mai sauƙi, idan malam ya yi tambaya sai in sunkuya kamar ina neman fensir. Wuri ɗaya ne bakina yake sakewa, shi ne dandalin gaɗa, domin idan ina waƙa harshena ba ya tuntuɓe ko kaɗan.

Yaya Nasiru shi ne babba a ɗakinmu. A shekarar nan ya dawo daga karatu a Kano da wata tsohuwar kwamfutar cinya mai tsagaggen murfi, wadda yake kai wa caji shagon mai janareta kullum da safe. Mutane sun ɗauka zai riƙa buga wa makarantu takardun jarrabawa, ko ya riƙa tura wa samari waƙoƙi. Shi kuwa abin da ya ɗauke masa hankali daban ne. A cikin manhajar da ake haɗa kiɗa da ita akwai wata ƙaramar manhaja da ya saka, yana kiranta sintesaiza. Idan ya buɗe ta sai allon ya cika da hotunan maɓallai masu juyawa da wayoyi masu launi. Ba ta kwaikwayon kalangu ko gurmi ko piyano. Sautin da ba a taɓa ji ba take haifarwa. Haka kuma idan ka ba ta ƙarar wani abu, sai ta farfasa ta ƙanana-ƙanana kamar tsabar gero, ta watsa, ta miƙe wasu, ta juya wasu ta baya. Yaya ya bi gidanmu kaf da wayarsa yana ɗaukar sauti: dakan Inna, zubar nono a ƙwarya lokacin tatsa, ƙarar guga idan ya bugi bangon rijiya, kukan zabbi. Duk wanda ya ba wa ya saurara sai ya cire abin kunnen da sauri yana a'uziyya. Abokansa suka sa wa abin suna kukan aljanu. Baffa bai hana shi ba, sai dai yakan ce da shi, "In ka gama da ƙarar fartanya, ita kanta fartanyar tana jiranka."

Wata rana ana yayyafi Inna ta ce in kira shi cin abinci. Na same shi a ɗakin zaure ya ajiye tasa a ƙarƙashin indararo yana ɗaukar ɗigar ruwa. Na tsaya a bakin ƙofa na ce masa tuwo zai huce, amma kalmar tuwo ta riƙe ni, na yi ta fama da ita kafin ta fito. Ashe wayar tana ɗauka. Ya yafito ni da hannu, ya zaunar da ni a kan buhun taki, ya yi ta juya maɓallan nan, sannan ya sa mini abin kunnen. Da fari na ji kaina yadda nake, na so in tashi. Sai muryar ta fara rarrabuwa. Ta zama kamar tsuntsaye masu yawa sun tashi daga gonar shinkafa lokaci ɗaya, ta koma kamar ruwa yana gangara a kan dutse, daga baya ta yi ƙasa ta zama wani dogon amo mai sanyi wanda na ji shi har cikin ƙirjina. Wurin da nake maƙalewa, wurin da na fi tsana a duk jikina, shi ne ya zama bugun da komai yake tafiya a kansa. Na saurara har ƙarshe, na ce ya sake. Tuwon dai ya huce, Inna ta yi faɗa. Kafin in fita na roƙe shi kada kowa ya ji, ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Daga ni sai ke, ƙanwata."

Bai cika alkawarin ba. Yanzu da na girma na fahimci dalili: ya daɗe yana yin abu ba mai saurara, ga shi karon farko ya yi wanda shi da kansa ya san ya yi kyau. Ya tura wa abokinsa Ɗanliti, mai gyaran babur, don ya ji ra'ayinsa. Ɗanliti bai damu da tsuntsaye da ruwan ba. Farkon kawai ya yanke, inda muryata take tsirara, ya mai da shi ƙarar kiran waya. A lokacin kowa yana tura abu daga waya zuwa waya ba tare da ko sisin kati ba, kafin a ankara ya zaga teburin mai shayi, da tashar 'yan acaɓa, da majalisar samari.

Washegarin ranar injin niƙa na je makaranta, na tarar sunana ya canza. Ba Tuwo suke kirana ba, rabin farkon kalmar suka ɗauka suka ninka, kuma kowa ya san abin da wannan yake nufi a bakin yara. Idan na shigo aji sai yaran baya su fara buga benci suna yin ƙarar a hankali. A wurin carafke idan na zo sai a yi shiru, wata ta danne dariya har kafaɗunta suna rawa. Ban yi kuka a gabansu ba, abin da na yi shi ne na rufe bakina. Na daina amsa kiran suna, sai in ɗaga hannu. Na daina zuwa gaɗa. A Islamiyya malam ya zo kaina in biya hadda, na san ta sarai, amma na zuba wa allo ido har ya gaji ya wuce. Idan aka aike ni kai abinci gona sai in bi doguwar hanya ta bakin rafi don kada in wuce ta gaban samari, tuwon ya isa wurin Baffa a sandare. Ko a gida da kai nake amsa wa Inna. Abin da ya fi ci mini rai ba dariyar ba ce. Gani nake kamar duk garin an leƙa cikin bakina an ga abin da nake ɓoyewa.

Baffa ya ji labarin a bakin masallaci, inda wayar wani ta yi ƙarar ana cikin ɗaura alwala. Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Ya zauna a kan turmi a tsakar gida, ya sa aka kira Yaya, ya tsayar da shi a gaban Inna da ƙannenmu. Ina daga cikin ɗaki ina leƙe ta labule. Ya ce masa, "Shanuna ma ba na barin a yi musu dariya a kasuwa. Ka fitar da muryar ƙanwarka, sai ka je ka dawo da ita."

Haka ya shiga gari yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya. Saurayi mai karatun Kano, yana durƙusa wa 'yan acaɓa da yaran shago, yana roƙonsu don Allah su goge. Wasu suka goge a gabansa suna ba shi haƙuri, wasu suka goge suka sake karɓa a wurin na kusa da su. Waɗanda ba su ma san da abin ba, roƙon nasa ne ya sa suka nema. Ya yi dambe da Ɗanliti a gaban garejinsa har leɓen Yaya ya fashe. Na gan shi ya shigo da jini a riga, sai wata sabuwar kunya ta hau kan ta farko, domin yanzu ba ni kaɗai ake nunawa ba, har da shi, kuma a kaina. Da yamma ya kira ni ɗakin zaure, ya buɗe kwamfutar, ya nuna mini inda cikakken sautin yake, ya ce, "Ki duba da idonki." Ya goge shi. Ya ɗauka abin da nake so ke nan. Ni kuwa a daidai lokacin ba abin da nake so kamar in ce ya bari in ƙara ji sau ɗaya. Na buɗe baki, kalmar ta maƙale, ya jira ni, sai na girgiza kai na fita.

Da aka yi hutu Inna ta ba da shawara a kai ni wurin Gwaggo, ƙanwar Baffa, a Yammedi ta ƙasar Karaye, in yi zango ɗaya a can. Na tafi ina murna zan je inda ba a san ni ba. Ban yi sati ba, muna tsinkar zogale da Ladidi 'yar maƙwabtan Gwaggo, sai ga ƙarar daga wayar yayanta ta bayan danga. Hannuna ya tsaya a kan reshe. Ladidi kuwa ta ajiye faifai ta fara taka rawa, tana cewa ai wata mawaƙiya ce a Kano, da gangan take yin haka, kuma ita tana son muryar. Na tsaya ina kallonta. Ban gaya mata muryata ce ba, har na bar garin. Amma a tsakar gidan Gwaggo, inda ba mai jiran in yi kuskure, na fara magana kaɗan-kaɗan, da awaki tukuna, sannan da mutane.

Da na dawo Zoza bayan kaka, wata sabuwar waƙa ta shigo ta kore ni daga wayoyi. Sunan ya ɗan daɗe, shi ma ya mutu da muka watse zuwa sakandare. Yaya kuwa na tarar ya koma Kano. Baffa bai kore shi ba, shi ne ya kasa zama. A can ya samu masu shirya finafinai da suke neman irin sautukan da garinmu ya kira kukan aljanu, don wuraren tsoro da mafarki, kuma har yau da wannan yake riƙe da iyalinsa. Idan ya zo gida da Sallah yakan ɗauki ƙarar komai, har da tarin Baffa da kukan jikoki, amma da zarar na fara magana sai in ga ya kife wayarsa a kan tabarma. Ba mu taɓa tayar da zancen ba. Ina jin shi yana ganin ya cuce ni ne kawai, ni kuma na kasa gaya masa cewa kafin cutar ya yi mini wani abu da ba wanda ya taɓa yi mini.

Yanzu ina aikin jinya, ina magana da mutane tun safe har yamma, in'inar ba ta zuwa sai na gaji ko raina ya ɓaci. Zoza ta cika da manyan wayoyi, ɗakin zauren nan an mai da shi wurin ajiye taki da maganin feshi. 'Ya'yana suna da wata manhaja da ke mai da muryarsu ta tsoho ko ta kyanwa, su ɗauka su tura wa duniya da hannunsu, suna birgima don dariya, ba mai jin an tona masa komai. Ina kallonsu ina mamakin sauƙin abin a wurinsu. Ni idan zan aika saƙon murya sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa, kuma ba na sake sauraron abin da na aika. Sau ɗaya tak na taɓa jin muryata na so ta, ina 'yar aji biyar, kuma ban iya faɗa ba.