Mai Makullai da Idona na Dama

Ni na fara ganin harshen wutar da ke fita daga gefen rana. Kafin hedimasta, kafin malamin kimiyya mai digiri biyu, kafin duk yaron da ya taɓa hawa benen makarantar nan. Ni, mai walda, da ban taɓa zama a aji ba, da alli a jikin ƙarfe na koyi rubutu. Da ido ɗaya kuma na gani. Mutumin da ya nuna mini zai ajiye aiki ƙarshen watan nan, kuma akwai maganar da na danne masa shekara ashirin da biyu.

Mai Makullai ake ce masa. Shi ke kula da ɗakin gwaje-gwaje na sakandaren da ke kallon shagona. A takarda ba malami ba ne, shi ke wanke kwalabe, ya jera, ya kulle. Kullum takwas da rabi za ka ji kacau-kacau a ƙugunsa, ya rungumo akwati zai hau saman bene. Madubin kallon rana ne a ciki, ɗan bututu da bai wuce kamu guda ba. Kafin ya kafa shi sai ya duba filtar gaba da ta baya, wato gilasan da ke tace haske, ko akwai tsatsa ko tsagewa. Ba ya neman rana da ido. Inuwar bututun yake bi a ƙasa, yana juya shi har ta dunƙule. Sannan ya yafa baƙin ƙyalle a ka, ya murɗa wani ɗan noti a hankali har abin da yake nema ya fito. Da safe yake yi, wai kafin rufi ya ɗau zafi iska ta fara rawa. Sai ya gamsu yara ke shiga layi. Duk shekarun nan ba yaron da ya taɓa saukowa yana murza ido.

Da can wani ƙaton madubi makarantar ke da shi, na kallon wata, yana kulle a sito. Hedimastan lokacin ya so yara su ga rana, ya kira taron iyaye. Na je, don 'yata tana aji uku. Mai Makullai ya miƙe da 'yar takardarsa, ya ce a nemo madubin da aka ƙera don rana, wanda ba ya barin komai ya wuce sai wani jan haske guda ɗaya, na iskar haidurojin. Ya ce ƙaton nan mazurari ne, tattara haske yake ya zuba a wuri ɗaya. Duk abin da aka sa a bakin ido dafuwa zai yi, tun daga gaba ake tace rana.

Na miƙe. Ni ba a gama magana ban sa baki ba.

"Malam, shekara talatin ina kallon wutar da ta fi ranarka da ɗan gilashin nan. Kai da kwalba kake wankewa, kai za ka koya mini haske?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Bai ɗaga murya ba.

"Baba Mai Walda, gilashinka na ido tsirara ne. A bayan madubi fashewa zai yi."

"In ya fashe, idona ne, ba naka ba!"

Aka tafa mini. Aka yanke zan ƙera zoben ƙarfe in ɗaura gilashin walda a wurin sa ido na ƙaton madubin, ran Litinin 'yan aji uku su yi layi. Mai Makullai ya ƙi ba da makullin sito. Hedimasta ya rubuta masa takardar gargaɗi, ni kuma na zo da zarto na yanke kwaɗon. Yana tsaye yana kallona.

Ran Asabar da hantsi na kafa madubin a ƙofar shagona zan gwada. Kafinta maƙwabcina da mai faci suna zaune a benci.

Mai faci ya ce, "Ka duba mana ko akwai faci a jikin ranar, a kawo min aiki."

Na sa ido. Na ce, "Ga ta nan, koriya shar kamar faranti! Ina mai kwal..."

Ƙas!

Fari kawai na gani. Kafinta yana raye, ku tambaye shi: ya ce ko faɗuwa ban gama yi ba sai ga Mai Makullai a guje, ba takalmi ƙafa ɗaya, daga gidan hedimasta inda ya koma roƙo. Ya cire rigarsa ya rufe bakin madubin tukuna, don mai faci ya riga ya taso zai leƙa. Sannan ya ɗauke ni zuwa asibiti.

Likita ya ce tsakiyar idon ta ƙone, ba magani. Idon dama, wanda nake auna ƙarfe da shi. Har yau in na kalli fuskar mutum da shi, kunnuwa kawai nake gani. Amma ban ajiye aiki ba. Shekara ashirin na ƙara ina walda da na hagu, kuma ba ƙofar da na haɗa da ta taɓa karkacewa.

Abin da ya fi idon ciwo shi ne takardar layin Litinin. 'Yata ce a sama. Ni na roƙi a sa ta farko, don a ce 'yar mai aikin ce ta buɗe.

A asibiti na jira ya ce ai na gaya maka. Bai ce ba. Yana riƙe da takalmana, ya ce, "Baba, ka rufe ɗayan ma ya huta."

Ni da hedimasta muka haɗa baki aka ce tartsatsi ne ya shige min ido. Kafinta da mai faci suka rufa min asiri. Takardar gargaɗin kuwa ta zauna a fayil ɗin Mai Makullai. Sau biyu ƙarin girma yana zuwa yana tsallake shi, wai ba ya bin umarni. Na sani. Da na wanke ƙafa safiya ɗaya na je ofis na faɗi gaskiya, da an cire ta. Ban je ba. Na fi son a ce jarumi ne wuta ta ci, da a ce wawa ne rana ta koya wa hankali.

Bayan wata shida aka kawo ƙaramin madubin, shiru-shiru, kamar shawarar hedimasta ce. Har kyamarar da Mai Makullai ya zaɓa a haɗa wa madubin sai da na yi wa dariya, don hoton baƙi da fari take ɗauka. Ya ce hasken ja ne zalla, kyamarar kala kuwa, cikin kowane ƙananan idanunta huɗu ɗaya kaɗai ke ganin ja. Na ce, "To, ashe na fi ta." A nan kaɗai na taɓa jin ya yi dariya da ƙarfi.

Ranar farko ya tsallako titi ya ce, "Baba, ƙafar da ka haɗa wa madubin kamar tana rawa, zo ka duba." Aikina ba ya rawa, ni da shi mun sani. Muka hau, ba kowa. Ya miƙo baƙin ƙyallen. Na ja da baya.

"Da na hagu, Baba. Sau uku na duba."

Na sa idon da ya rage min. Ja jawur, jikinta kamar ɓawon lemo, ga harshen wuta ya miƙe daga gefe ya lanƙwaso. Ya ce ya fi duniyar nan tsawo. Ranar na san mataccen ido ma yana hawaye.

Malam, kai ne ka tsaya kai kaɗai ɗaki guda yana yi maka dariya. Kai ne aka yanke wa kwaɗo, ka ɗauki mai zarton zuwa asibiti. Mai Makullai, mai duba sau uku! 'Yata yanzu 'ya'yanta huɗu, ita ke karanta min rubutun kwalbar magani da idanun da ka yi faɗa a kansu, ba ta ma sani ba sai yau. Na gode, kuma ka yafe min. Na san na makara, takardar ta riga ta ci abin da za ta ci.

Ku masu zaɓar wa yara kaya, in mai wanke kwalba ya ce a'a, ku zauna ku saurara, ko da mai baki irina yana wurin. Wanda zai gaji makullan nan, ya gaji dubawar ma.

Wanda kuma yake ganin tsoho ne ke cika baki, shagona na nan. Ya zo takwas da rabi kafin wata ya ƙare, mu hau tare. Ya fara kallon idona na dama da kyau, sannan ya leƙa madubin Malam. In ya sauko yana da ta cewa, ya faɗa min a gaban kafinta.