Alƙawarin Da Na Yi Wa Mma

A shekarun baya ni dillalin doya ne a Salaga, mai ƙaton tumbi, irin wanda in ya shigo kasuwa ake matsa masa benci. Yanzu da nake zuwa ajin yaƙi da jahilci har hannuna ya saba da biro, na ga ya kamata in rubuto muku abin da ya same ni. A lokacin ban san tafiyar ƙasa ba, ko masallacin bayan gidana da babur nake zuwa. In na shiga ƙauyukan Kpandai sayen doya, kowane manomi sai ya sa an daka mini sakwara, ƙin ci kuwa raini ne, sai in ci a gidaje da yawa kafin la'asar. In na dawo ga shayi mai kaurin madara da burodi. Ina jin numfashina yana sarƙewa, amma mutane suna cewa arziki ne ya zauna mini.

Sai yayana ya rasu a Yendi. Da aka kai shi maƙabarta, liman ya ce ɗan'uwansa na jini ya sauka ya karɓe shi. Na zo bakin kabari na sa ƙafa ɗaya, gwiwata ta ƙi lanƙwasuwa, ƙasar gefen ta fara zubewa, sai da mutane suka janye ni baya. Wani maƙwabcinsa ne ya sauka. Ba wanda ya yi dariya, amma na gwammace a yi. Da labari ya kai wa mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, ta kira ni ɗakinta. Ta ce yanzu ni kaɗai ne namijin da ya rage mata, kuma ba ta son hannun baƙo ya kwantar da ita. Ta tambaye ni ko zan iya, ko ta fara neman maƙwabci tun yanzu. Na ce mata in Allah ya yarda ni zan sauka.

Kuskurena na farko gaggawa ce. Wani abokina a Bawku ya kawo mini garin magani daga bakin iyaka, ya rantse yana narkar da kitse. Abin da ya narkar ƙarfina ne, na yi ta gudawa har na faɗi a tasha. Ma'aikaciyar asibiti ta yi mini faɗa kamar ɗanta, ta ce tumbin da aka daɗe ana ginawa ba a rushe shi da cokali, in koma ga ƙafata da kwanona.

Na fara fita da ƙafa bayan sallar asuba. A zango kuwa, unguwarmu ta Hausawa, mutum irina ba ya tafiya a ƙasa lafiya. Duk mai babur sai ya tsaya ya ce Alhaji in hau, in na ƙi ya tambaya ko mun yi faɗa ne. Aka fara cewa na karye na sayar da babur. Abokan dillanci suna tsokanata wai in sauke kayan a hankali kada kasuwa ta girgiza. Na bar su. Matata ta maye mini shayi da koko marar sukari, lemon kwalba da zoɓo, sakwarar dare da tubani ko ɗan tuwo da miyar ayoyo mai yawa. Akwai wani ramin ɗiban ƙasa a bayan gari, nan nake zuwa in sauka in hau, in durƙusa in miƙe, har gwiwa ta daina ƙara.

Mafi wuya shi ne manoma. Wani dattijo da na daɗe ina sayen doyarsa ya ɓata rai da na ƙi cin sakwarar gidansa, ya ce ko dakan matarsa ne ya daina yi mini daɗi. Na gaya masa gaskiya, har da maganar kabari. Sai ya ɗauki sandarsa ya ce in taso mu taka zuwa gona, can za mu gasa doya ɗaya mu raba. Haka muke yi har yau.

Mma ta ga canjin da idonta. Takan taɓa rigata da ta yi mini yawa ta ce kada in ɗauka za ta yi sauri don na shirya. Bara, bayan damina, Allah ya karɓi abarsa. Da liman ya waiwayo, ban jira ya kira ni ba. Na sauka, na karɓe ta, na juya fuskarta ga alƙibla, na fito ba wanda ya miƙo mini hannu.

Ban daina tafiyar ba, domin ina da mata da 'ya'ya da ke da haƙƙi a kan wannan jiki. 'Yan'uwana maza, kada ku yarda a yaba muku tumbi, kada ku sayi garin da ba ku san asalinsa ba. Ku fara takawa tun yau, ko za a yi muku dariya. Akwai ranar da za a ce ɗan'uwa ya matso, kuma babur ba ya shiga wurin.