Shekarar da Aka Sa Mu na Ɗaya

Na yi shekaru ina koyar da addini da Larabci a wata sakandaren jeka-ka-dawo a Gwarzo. Karatuna na allo ne da na zaure, boko kuwa da girmana na tsince shi, shi ya sa har yau hannuna ya fi sakewa a ajami. Ƙwallon ƙafa ba ya cikin abin da na taso da shi. Na san shi ne ta dalilin malamin wasanninmu, wani Kirista mutumin Filato, wanda kowa a gari ke kira Masta.

A wancan zamanin, duk bayan kaka makarantun yankinmu sukan yi gasar kofi: namu na Gwarzo, na Kabo, da na garuruwan da ke tsakani. Wadda ta ci ita ke zuwa Kano. Kafin a buga wasan farko, Masta yakan jera makarantun daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe, yadda yake ganin za a ƙare. Yakan duba ƙwallayen da kowace ta ci bara da waɗanda aka ci ta, da ɗaliban da suka gama suka tafi, da wadda filinta ke da yashi. Da tsuke bakin aljihu ya yi tsanani, sai ya ƙara da maganar abinci a lissafinsa. Ya ce 'yan makarantar kwana, tunda tuwonsu ya ragu, ƙafarsu takan mutu bayan hutun rabin lokaci, namu kuwa da ke takowa daga ƙauye kullum suna iya gudu har a tashi.

Jerin nan a wani tsohon allon aji yake rubuta shi da alli, a jingine shi a rumfar mai shayi ranar kasuwa. Da ya ga dattawa da manoma suna tsayawa suna tambayar me aka rubuta, sai ya roƙe ni in riƙa sa sunayen da ajami a gefen nasa. Da farko na ƙi. Na ce masa gobe ta Allah ce, ba zan sa hannuna a abin da ya yi kama da duba ba. Ya ce shi ba ya buga ƙasa, abin da ya wuce yake kallo, kamar yadda manomi ke kallon hadari ya ce yau a shigo da shanya. Na kwana biyu ina juya maganar, daga baya na yarda, da sharaɗin zan rubuta in Allah ya yarda a saman allon. Ya ce in rubuta da manya, su ma haka suke faɗa a cocinsu.

Wani lokaci hasashensa ya dace, wani lokaci ya kauce. In ya kauce mai shayi ya yi ta tsokanarsa har damina. Abu guda ne kowa ya shaide shi da shi: bai taɓa ɗaga makarantarmu don tamu ce ba. Shekara da shekaru muna ta uku ko ta huɗu a allonsa, kuma can ɗin muke ƙarewa.

Ina da wa manomi a Kutama. Babban ɗansa a gidana yake zaune yana karatu, ranar Juma'a ya koma gida. Yaro ne dogo, marar surutu, kuma shi ne ɗan wasan gaba a ƙungiyar ƙwallon makarantarmu. Karatunsa matsakaici ne, amma na san in ya zauna jarrabawar ƙarshe zai samu abin da zai kai shi kwalejin horon malamai. A gidanmu kaf babu wanda ya taɓa kaiwa nan a boko.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ya shiga ajin ƙarshe. Na yi farin ciki da Shari'a, na je Kano ranar, na yi kuka da hawayena, kuma ban canja ba. Amma shekarar ta zo da wuya. Taki ya gagari talaka, mai sai an kwana a layi. Yayana yana da fadama da yake noman rani, ga injin ban ruwa amma babu abin zuba masa, sai ya koma jigo irin na iyayenmu. Jigo kuwa mutum biyu yake so, ɗaya na ɗebowa, ɗaya na juya ruwa a fangali. Da aka koma makaranta bayan dogon hutu, yaron bai dawo ba.

Na je Kutama sau biyu. Yaya ya karɓe ni da fura, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce waɗanda suka gama bara ga su nan a gindin bishiya, takarda a aljihu. Ya ce gwiwarsa ta fara ba shi ciwo, ƙannen yaron kuma ba su isa ɗaga guga ba. Gaskiya kuwa ya faɗa.

Na gaya wa Masta. Ranar kasuwa ta zagayo, ya aiko in zo da allina. Na tarar ya riga ya rubuta nasa gefen, makarantarmu a sama, ta Kabo mai riƙe da kofi a ƙasanta. A gaban sunanmu ya ƙara 'yan kalmomi: in ɗan Kutama ya dawo.

Na ce, "Masta, wannan lissafi ne ko dabara?"

"Malam, lissafi ne. 'Yan bayan Kabo duk sun gama, golansu sabo ne. Da yaron nan mu ne na ɗaya. Ba shi kuwa, mu koma ta huɗunmu."

"To me ya sa sai ka rubuta a allo?"

Ya yi dariya ya ce, "Wannan kam dabara ce. Yayanka yana zuwa kasuwa, ko ba ya zuwa?"

Na rubuta da ajami, na kyautata rubutun. Kafin azahar magana ta cika kasuwa. Mutanen Kutama da na Kara da na Madadi suka yi ta tsayawa suna karantawa. Da Yaya ya shigo da buhun dawarsa, tun daga bakin kasuwa ake ce masa baban kofi. Wani mai kayan koli ya ce masa ashe gwal yake ɓoyewa a fadama. Na hango shi tsaye gaban allon, yana bin rubutuna da yatsa, leɓɓansa na motsi. Ya daɗe a wurin, ya tafi bai neme ni ba.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi a ƙofar gidana da yaron da akwatinsa. Bai zauna ba. Ya ce tunda gari ya ɗora ido a kan yaron, ba zai zama shi ya hana ba. Ya bar shi har a gama gasa.

Na ce, "Yaya, daga gama gasa zuwa jarrabawa ai ɗan kaɗan ne."

Ya ce, "Malam, gasa na ce. In an kai can ma gani."

Ni da Masta muka ƙirga a ranmu cewa in aka ci kofi aka je Kano, zafi ya shigo, aikin fadama ya ja baya, babu mai ɗauke yaro ana saura kaɗan. Muka sa sunansa cikin masu zama jarrabawa. Da yamma yana fili, bayan magariba yana gabana da littattafansa. Ban taɓa ganinsa da walwala irin ta lokacin ba. Har waƙa na ji yana yi yana wankin rigar wasansa, shi da sai ka yi da gaske kake jin muryarsa.

Azumi ya shigo cikin sanyi, aka ce gasa sai bayan Sallah. A tsakanin nan wasu samari masu zafin wa'azi suka je wurin mai shayi suka ce allon nan ƙofar caca ce, a ɗauke shi. Na je na same su, na ce rubutuna ne a jiki, kuma ba a taɓa ɗora ko sisi a kansa ba. Suka girmama ni, suka bar maganar. Amma mai shayi ya tsorata, ya juya fuskar allon bango.

Abin da ban lura da shi da wuri ba shi ne tsoron da ke cikin gidajen malamai baƙi. Ana ta jin labarin tashin hankali a wasu garuruwa, 'yan uwansu na aiko musu su dawo. A garinmu ba a taɓa kowa ba, Allah shaida ne. Amma mutum da 'ya'ya ƙanana ba ya jiran sai an taɓa shi. A shekarar ƙaramar Sallah da Kirsimeti sun zo kusa da juna. Malaman nan suka tafi hutu gida, Kudancin Kaduna da Filato, da katifu a saman mota. Da aka buɗe makarantu, da yawa ba su dawo ba.

Sai a lokacin na gane cewa gasar nan a wuyansu take. Malaman wasanni na yawancin makarantun su ne. Alƙalan wasa biyu da muke da su, su ne. Wanda ke tsara wa zai kara da wa, malamin lissafi ne a Kabo, shi ma ya nemi canjin wurin aiki. Masta ya dawo shi kaɗai, ya bar matarsa da yara a can. Ya ɗauki kekensa ya bi makarantu ɗaya bayan ɗaya, ya ce shi zai busa duk wasannin, shi zai ja layin fili da toka. Shugabannin makarantu suka ce ko an samu alƙali, ina man da za a kai yara? Aka ce an ɗage gasa zuwa wani lokaci, ba a faɗi lokacin ba.

Masta bai haƙura ba. Ya shirya wasa guda da 'yan Kabo, na sada zumunci, yaran suka zo a bayan motar wani mai kayan gwari da ya taimaka. Ran nan na fara tsayawa kallon ƙwallo daga farko har ƙarshe. Muka ci su, kuma ɗan yayana ne ya ci ƙwallon. Yara suka ɗaga shi sama. Masta ya tsaya can gefe da usur a baki, ya manta bai cire ba. Na duba cikin jama'a ko Yaya ya zo, ban gan shi ba.

Ranar Juma'a yaron ya tafi gida kamar kullum. Da ya dawo sai na ga ya yi shiru irin na da. Da safe ya same ni bayan na idar da lazimi, ya durƙusa, ya ce zai koma Kutama. Na tambaye shi ko babansa ne ya kira shi. Ya ce a'a, babansa bai ce komai ba, har ya yi masa barka da cin Kabo. Amma ya tarar da shi yana jan jigo a zaune, don gwiwar ba ta ɗaukarsa, ƙanwarsa ƙarama ce ke juya ruwa, rabin tumatirin kuma ya ƙone.

Ya ce, "Baffa, gasa aka ce, kuma babu gasa. Ni na san saboda me ya bar ni."

Na kawo masa maganar jarrabawa, na kawo ta kwaleji, na ce saura kaɗan. Ya ce in an cire tumatir zai dawo ya zauna, zai riƙa karatu a can. Na aika aka kira Masta. Ya zo a kan kekensa yana haki, ya zauna kusa da yaron a tabarma, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya tambaye shi fangali nawa suka rage da rai. Yaron ya faɗa masa. Masta ya jinjina kai, ya miƙe ya ɗauki kekensa.

Ni na ɗauke shi a kekena zuwa Kutama, akwatin a kan cinyarsa. Yaya yana fadama. Da ya gan mu ya saki igiyar, ya ce wa ya ce a dawo da shi. Yaron ya naɗe ƙafar wandonsa ya karɓi igiyar. Yaya ya kalle ni, na kalle shi, ya matsa gefe ya zauna a kan kunya yana murza gwiwarsa.

Bayan tumatir sai sharar gona, bayan shara sai ruwa ya sauka da wuri. Masta ya samu canji zuwa gida kafin ƙarshen zangon, na raka shi tasha. Ya ce in yaron ya zo jarrabawa in aika masa.

Ranar takarda ta farko ina cikin masu tsaron ɗaki. An rubuta lambar kowa da alli a kan teburinsa, tasa tana layi na kusa da taga. Na roƙi babban mai sa ido ya ɗan jinkirta rufe ƙofa, ya yi mini alfarma. Na fita na tsaya a baranda ina kallon hanyar Kutama. Shanun huɗa ne kawai ke wucewa, don an yi ruwa a daren. Da ya kira ni na shigo, na rufe ƙofar da hannuna, na raba takardu, na tsallake teburinsa.