Tsohon Fayil Ɗin Simbol da Ya Kori Shitu

Wata rana aka zalunci wani injiniya a Kaduna, zaluncin da ya kamata a ce an ba da hutun makoki a ƙasar nan.

Ba zan kama suna ba. Dogo ne dai, mai kwarjini, furfura ta zauna masa daidai.

Kamfaninsu na haɗa na'urar auna hatsi. Shi da amininsa Shitu ke rubuta direban, wato ɗan shirin da ake cusawa cikin kanel, zuciyar kwamfuta, don ta gane na'urar.

Ana cikin gwaji a gaban Oga, kwamfuta ta sandare.

In kanel ta faɗi, lambobi zalla take zubo maka. Sai ka ɗora fayil ɗin simbol, shi ke mayar da lambobin zuwa sunan ɓangaren da ya yi ɓarna.

Mutuminmu ya gyara hula, ya ɗora.

Ɓangaren Shitu ya fito.

Ya ja Shitu gefe? Ina! Juya allon ya yi kowa ya gani, har da tafi.

Oga ya cire Shitu daga aikin. Shitu ya tattara ya koma Zariya.

Aka sake rubuta ɓangarensa, aka haɗa sabon direba da sabon simbol.

Kwamfuta ta sake sandarewa.

Wannan karon sunan da ya fito: gwanin_gwanaye. Mutum ɗaya ne a ofishin ke raɗa wa aikinsa irin wannan suna.

Ashe kafin gwajin farko mutuminmu ya taɓa direban a ɓoye don ya burge Oga, ya bar tsohon simbol ɗin. Lambobi sun gusa, sunaye suna inda suke.

Ya kira Zariya.

"Aboki, ashe tsohon fayil na ɗora. Kwamfuta ce ta haɗa mu."

"Kwamfuta ta ba ka sunana, Injiniya. Tafin fa, wa ya ba ka?"

Ƙit, Shitu ya kashe waya.

Kwanan baya Shitu ya aurar da 'yarsa. Yarinyar da mutumin nan ya yi wa huɗuba da bakinsa! A hoto ya ga ɗaurin auren.

Wannan adalci ne, jama'a?

To... eh. Shi ya taɓa, shi ya manta, shi ya tafa. Ya amsa laifinsa.

Darasi: Kafin ka nuna mai laifi, duba ko fayil ɗinka na yau ne. In ma na yau ne, ja mutum gefe.

Ku tura wa mai saurin juya allo a ofishinku. Ni kada ku turo min, na gani.